Juma'ar da Ban Tsaya a Bakin Ƙofa Ba



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, bisa tsarinmu yau da mun ci gaba da babin ƙabli da ba'adi. Ku yi mini uzuri, mun ɗaga shi zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, saboda wani saƙon murya da ya shigo mini daren Litinin daga ɗaya cikin samarin da ke sallah tare da mu. Ba zan ambaci sunansa ba, ya san kansa. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, kullum maganarku ɗaya ce, mu yi haƙuri, mu kame hannu. An taɓa addininmu, haƙuri. Ana wulaƙanta baƙar fata a Libiya da Aljeriya, haƙuri. Yunwa ta kori iyayenmu mata zuwa bara, haƙuri. Wai wannan haƙurin addini ne, ko kuwa tsoro ne kuka naɗa wa rawani?"

Na saurari saƙon sau uku. Ban ji haushi ba, domin tambayar tana kan hanya. Sai dai ba zan iya amsa ta da gaskiya ba sai na faɗi wani abu game da kaina wanda na daɗe ina kewaye shi. Saboda haka, ɗana, da kai da duk mai karatu, ku ba ni aron hankalinku.

Waɗanda suka kai shekarun wayo a lokacin ba su manta da Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba. Kwana biyu kafin ta, wata mujalla a birnin Paris mai suna Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), mako guda bayan harin da aka kai ofishinta aka kashe mutum 12. Ranar 11 ga watan shugaban ƙasarmu na wancan lokaci, Mahamadou Issoufou, yana cikin shugabannin da suka yi tattaki a Paris, wannan kuwa ya ƙara wa zukata zafi a nan gida. Ana sallame Juma'a Damagaram ta kama da wuta. An ƙone majami'u, an ƙone cibiyar al'adun Faransa da Nijar har da ɗakin karatunta, an fasa shaguna da gidajen Kiristoci. Rai biyar suka salwanta a garin nan. Kashegari abin ya koma Yamai, can ma aka rasa biyar, aka ƙone majami'u da dama. Maƙwabtanmu Kiristoci da yawa a barikin soja suka kwana, a garin da aka binne cibiyar wasunsu.

Ni ne na yi wa'azi kafin huɗuba a masallacinmu ran nan. Allah shaida ne, ban ce a ƙone komai ba. Na yi magana a kan darajar Annabi (SAW), da yadda sonsa ya wajaba fiye da son iyaye da ƴaƴa da rai, na yi kuka, jama'a suka yi kuka. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, yau ma zan maimaita shi. Laifina yana cikin abin da ban faɗa ba. Na hura wuta ban gina mata murhu ba. Tun safe na ga kwalaben fetur ɗaure a bayan babura, na ji ƙus-ƙus a sahun baya, na san inda aka dosa. Jumla guda ta ishe ni: kada wanda ya taɓa maƙwabcinsa, domin ba shi ya yi zanen ba. Ta zo mini har bakin leɓe na haɗiye ta, don ina gudun a ce liman ya yi sanyi, ko a ce an saye shi. Da aka sallame na shige gida, na sa sakata, na shimfiɗa buzu na ce nafila nake yi.

To ka ga, ɗana, tsoron da kake tambaya a kai na san shi, na ɗanɗana shi. Amma ran nan a cikin shirun da na yi yake zaune. Da na ce a kame hannu, da wannan ita ce jaruntakar da aka nema gare ni.

A layinmu akwai wani kafinta Kirista. Mahaifinsa ya zo daga Dahomai tun zamanin Faransawa, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausarsa ta Damagaram ce tsantsa. Ƙyauren masallacinmu shi ya gyara shi har sau biyu, bai karɓi ko dala ba. An ƙone shagonsa ƙurmus. Wadda ta ceci iyalinsa wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, karatunta bai wuce Fatiha da ƴan gajerun surori ba. Ta janye matarsa da ƴaƴansa zuwa ɗakinta, ta yafa wa ƴan matan hijabin jikokinta, ta ɗauko kujera ƴar tsugune ta zauna a bakin zaure da carbi a hannu. Da samarin suka iso ta kira biyu daga cikinsu da sunan iyayensu mata, ta ce duk mai son shiga sai ya taka ta. Suka sunkuyar da kai suka wuce. Ni da na sauke Risala da Askari, na zauna gaban malamai a kan Muhtasar, ina bayan sakata, mai ƙosai tana bakin ƙofa. Allah Ya jiƙanta, ta rasu shekarun baya, ni na sallace ta, kuma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina gaban wata gawa kamar ran nan ba.

Abin da ta yi shi ne fiƙihun da na karanta. Allah Ya faɗa a wurare da dama cikin Alƙur'ani cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. A Suratul Hajji, aya ta 40, inda aka fara yi wa musulmi izinin kare kansu, an ambaci ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin abubuwan da ake tsare wa rushewa. Sayyidina Abubakar (RA) ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya da ta ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu, ana cikin yaƙi ke nan, balle maƙwabcin da kuke shan ruwan famfo ɗaya. Ashafa ta Alƙali Iyad, wadda muke ji da ita wajen sanin haƙƙin Annabi (SAW), hukunce-hukuncen da ke cikinta na alƙali ne da shugaba, bayan shaidu da bincike. Malamanmu na Malikiyya kuma sun gindaya sharaɗi ga mai gusar da mummuna: kada gusarwar ta haifi abin da ya fi shi muni. Wanda ya yi zanen yana Paris bai ji ko ɗumin wutarmu ba. Littattafan da suka ƙone ƴaƴanmu ne ke karanta su don jarrabawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Musulunci bai ce kada a ɗauki makami har abada ba. Mako uku cif bayan waccan Juma'a, ranar 6 ga Fabrairu, ƴan Boko Haram suka afka wa Boso da Difa, muka ga mata da yara suna sauka a tashoshin garin nan da ƙullin kaya a ka. Sojan da ya tsaya ya kare su yana kan aikinsa, muna masa addu'a. Amma wannan aikin hukuma ne, da iyakoki da sharuɗɗa. Kuma ku lura, masu kisan nan na bakin tafkin Cadi su ma da kalmar kishin addini suka fara. Duk wanda ya yarda cewa fushinsa shi ne alƙali, shi ne shaida, shi ne mai zartarwa, ya hau hanyarsu, ko da tafiya ɗaya ya yi a kanta.

Mu Damagarawa an raine mu da labarin maza. Muna alfahari da Sarki Tanimu da ya gina garun Birni ya ƙera igwa, da Ahmadu Kuran Daga da ya kara da Faransawa a Tirmini a 1899. Ban ce a daina ba. Amma saboda wannan renon, yaro yana tashi da zaton cewa namiji shi ne mai rama duka kaɗai. Ba mu cika ba shi labarin shekara 13 na Makka ba, lokacin da ake shimfiɗa Bilal (RA) a kan rairayi mai zafi, aka kashe Sumayya (RA), sahabbai suna da ƙarfin damtse da takubba amma aka umurce su da kame hannu. Cikin shekarun nan ba su rama ba, ba su kuma sassauta kalma ɗaya daga gaskiyar da suke kai ba. Ranar Ɗa'ifa an jefi Manzo (SAW) har jini ya jiƙa takalmansa, aka ba shi zaɓin a haɗe duwatsu a kan mutanen, ya ƙi, yana fatan alheri daga zuriyarsu. Ranar buɗe Makka masu azabtarwar nan suna tsaye gabansa, ikon komai yana hannunsa, ya sake su. Wa zai buɗi baki ya kira wannan tsoro?

Yanzu bari in zo kan rabin tambayarka da ya fi yi mini nauyi, wato haƙurin da ake wa talaka wa'azinsa don a samu a yi barci.

Daren waccan Juma'a, bayan Lisha, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Wani tsohon ɗalibina ne ɗan Kara-Kara, hannunsa na dama ya saluɓe da ƙuna. Ya ƙi zuwa likita don gudun kamu. Muna shafa masa zuma ina masa faɗa, faɗan da ya kamata in yi da rana a bainar jama'a. Ya bari na gama, sannan ya ce: "Malam, yau ce rana ta farko da na shiga tsakiyar gari ba wanda ya tambayi ɗan wane ne ni. Kowa ɗan'uwa yake ce mini."

Maganar nan ta hana ni barci. Kowa a garin nan ya san asalin Kara-Kara: wuri ne da aka ware wa kutare a gefen gari. Kakan yaron nan kuturu ne. Shi lafiyarsa lau, amma tabon ya bi shi: ba lakkwal, ba sana'a sai fasa dutse da dakon fetur daga iyakar Najeriya, sai zaman ƴan pale, ana ɗaga ƙarfe ana jiran ranar faɗa. Ƴar garin nan A'isha Macky ta nuna wa duniya rayuwarsu a fim ɗinta na 2021, wasunmu suka ji kunya wai an tona asirin gari, alhali asirin tafiyar minti kaɗan ce a kan kabu-kabu daga ƙofar masallatanmu. Yaron da aka hana wa sunan ɗan'uwa shekara ashirin, ranar da aka ba shi sunan tare da kwalbar fetur, karɓa zai yi. Kwalbar wani ya ba shi, amma ƙishirwar mu muka bar shi da ita.

Muna tsine wa wariyar launin fata, kuma ta cancanci tsinuwa. Da aka nuna hotunan cinikin baƙaƙen fata a Libiya a ƙarshen 2017 duk mun girgiza. To amma ni mai ɗaurin aure ne, na san abin da ake faɗa a zaure idan an rufe ƙofa. Sau nawa aka fasa aure bayan an shaida yaro da sallah da sana'a, don kawai bincike ya gano kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci? Garun da muke alfahari da shi, da arzikin fataucin Sahara aka gina daular da ta tsayar da shi, kuma cikin hajar da ake kaiwa Tarabulus akwai ƴan Adam. Jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka saya yau sahu ɗaya suke bi a bayana, amma ba mu gama wanke zukata ba. Sai a 2003 dokar ƙasar nan ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa. A Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Baiwar Allah nan ba ta ƙone gidan kowa ba. Ta tsaya ne gaban alƙalai shekara da shekaru, da taimakon ƙungiyar Timidria, har gaskiya ta fito. Abu Zarri (RA), da girmansa, ya goranta wa wani bawan Allah asalin mahaifiyarsa, Manzo (SAW) ya shaida masa cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. In an faɗa wa Abu Zarri haka, mu me za a ce mana?

Sai yunwa. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a cikin Sahara arewa da Arlit, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, nan kusa da mu, za su Aljeriya bara. Ina tambayar kaina, ina tambayarku: garin da ya iya tashi tsaye cikin sa'a ɗaya saboda zane, ya aka yi bai fito ko da tattakin lumana ba saboda yara 52 na al'ummar Annabin nan da muke kishi? Wace huɗuba na yi a kan zakkar hatsi da ba a fitarwa, da masu ɓoye gero har farashinsa ya ninka a kasuwar Dole lokacin bazara? Na yi addu'a ga mamatan na wuce. Idan irin wannan kake kira tsoro mai rawani, ɗana, ka yi gaskiya, kuma rawanin nawa ne.

Akwai wani limamin coci baƙar fata a Amurka, Martin Luther King, wanda labarinsa ya taimake ni fahimtar abin da na riga na karanta a Sira. A garin Montgomery doka ta tilasta wa baƙaƙe zama a bayan motar safa, su kuma tashi su ba farar fata kujera. Daga Disamban 1955 suka ƙaurace wa motocin kwana 381, tsofaffi da ƴan aikatau suna takawa a ƙasa, har kotu ta rushe dokar. Ana cikin haka, daren 30 ga Janairun 1956, aka jefa bam gidansa, matarsa da jaririyarsa suna ciki. Jama'arsa suka taru, wasu da makamai. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofar gidan da aka fasa, ya roƙe su su mai da makamansu gida. Kashegari kuma aka ci gaba da ƙauracewar, ba a fasa ba. Daga baya ya haɗa wariya da fatara da yaƙi ya ce cuta ɗaya ce mai kai uku, ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam a Afrilun 1967, abokai da yawa suka guje shi. Shekara guda cif bayan haka, 4 ga Afrilun 1968, aka harbe shi a Memphis, inda ya je mara wa masu kwasar shara baya.

In wani ya ce wannan hanyar Nasara ce, to ya nemi labarin Abdul Gaffar Khan, musulmi daga ƙabilar Fashtun, mutanen da ramuwar jini take gado a wurinsu. Ya tara dubban mazaje suka yi rantsuwa za su yi tsayayya da mulkin Ingila ba tare da makami ba, ya kuma ce daga haƙurin Makka ya ɗauko darasin. A Afrilun 1930 aka buɗe musu wuta a kasuwar Peshawar, suka tsaya ba su gudu ba, ba su rama ba. In nan ma ya yi nisa, ga namu Bahaushe, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. A Yunin 2018, yana da shekara sama da tamanin, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tari maharan, ya ƙi ba su hanya. Ranar da na ji labarinsa a rediyo na tuna mai ƙosai, na tuna sakatata.

Dukansu abu ɗaya na gani tare da su: hannu a kame, ƙafa a kafe, baki a buɗe. Mu malamai mun fi koya muku na farko, muka bar biyun, shi ya sa haƙurin ya yi muku kama da mutuwar zuciya. Haƙurin da Alƙur'ani ya yaba a Suratul Asri an gwama shi da yi wa juna wasiyya da gaskiya. Wanda ya ga zalunci ya faɗa, ya rubuta, ya je kotu, ya ƙi sayen kayan azzalumi, ya ƙi cin abincin walimar da aka gina a kan goranta asali, ya jure zagi da asara a kan haka ba tare da ya zubar da jinin kowa ba, shi ne mai haƙuri. Wanda ya ja bargo ya ce Allah Ya kyauta, wani suna gare shi daban.

Kafintan nan ya dawo bayan wata takwas. Na yi kusan shekara ina canza hanya don kada mu haɗu. Ranar da na yi ƙarfin halin zuwa sabon shagonsa, na faɗa masa abin da na gani da safiyar ran nan da abin da na haɗiye. Ya daɗe yana goge wani katako bai ɗago ba. Can ya ce: "Liman, ƙaramar ƴata har yau in ta ji kabbara da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado." Bai ƙara komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba. Kalmar da muke buɗe sallah da ita, wadda ake raɗa wa jariri a kunne, mu muka mai da ta abin firgita yarinya. Ban san hisabin da zan yi a kan wannan ba. Ɗalibina kuwa yana nan, yatsunsa biyu sun manne, da hannun yake ɗaga kabbara. Ya koyi walda, ya nemi aure sau biyu an hana shi saboda kakansa, a na uku na je da kaina na zauna a zauren har aka ba shi.

Ga abin da na ƙudura, ina kuma neman ku zama shaidu a kaina. Irin waccan rana za ta iya dawowa, ko a kan zane, ko a kan ɓarawon da aka kama a bakin kasuwa, ko a kan wani saƙo da aka yaɗa a waya ba a san tushensa ba. In ta zo, in Allah Ya yarda za a same ni a bakin ƙofa, ko ta wane ne. Amma tsoho ɗaya ba ya tare titi. Ina neman mutum goma daga cikinku, samari da dattawa, waɗanda matasan unguwa ke jin nauyinsu, mu san juna tun yanzu, mu san gidajen da za mu tsaya. Su ne kuma za su raka ni Kara-Kara ranar Asabar ta farkon kowane wata, mu zauna da ƴan pale mu ji ta bakinsu kafin mu yi musu wa'azi, mu ga wanda za a iya kai wa wurin koyon sana'a daga asusun masallaci. Mai niyya ya ba ladan sunansa bayan Magariba.

Kai kuma mai tambaya, na riga na rubuta sunanka a farko. In ba ka yarda ba, ka same ni bayan sallar Asuba ka goge shi da hannunka.

Allah Ya gafarta mana abin da muka faɗa da abin da muka haɗiye.